Tambaya Da Amsa: Masu Kallo Da Yawa, Ciniki Shiru

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato talla a waya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, wasu tambayoyin sun yi kama da juna sai na ɗauki ɗaya ta wakilci saura.

TAMBAYA: Salam Anti, ya gida ya yara. Dan Allah turaren wuta nake haɗawa da humra da kulacca a gida nan Kinkinau, Kaduna. Kullum sai na ɗora hotuna sun kai 30 ko 40 a sitatus ɗin WhatsApp, masu kallo kuma ba laifi, amma wlh sai a yi sati ba wanda ya ce min nawa ne. Har na fara tunanin ko hannu aka sa min. Meye shawara?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ba wanda ya sa miki hannu, ke kika sa wa kanki da hotuna 40 ɗin nan. Ki tuna yadda ke kanki kike yi in kin buɗe sitatus ɗin wata kika ga layukan sama sun yi ƙanana sun jeru kamar ɗinkin keke, ai dannawa kawai kike yi tak tak tak har ki wuce, ko ma ki toshe ta gaba ɗaya ki huta, to haka ake yi miki. Waya tana lissafa miki su a matsayin masu kallo alhali babu wanda ya tsaya. Ga tsadar data, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa lissafin megabait ɗinsa yake yi, ba mai ƙona datarsa a kan kwalba ɗaya da aka ɗauka ta fuska goma sha biyu.

Sannan ki tsaya ki duba su waye ma masu kallon. Sitatus ba ya zuwa wa kowa sai wanda kika adana lambarsa shi ma ya adana taki. Kenan 'yan'uwanki ne da ƙawayen makaranta da matan layinku da dangin miji masu leƙen me kike ciki, mutanen da in za su saya da tuni sun saya, wasu ma jira suke ki ba su kyauta. Kin buɗe rumfa ne a tsakar gidanku kina mamakin rashin baƙi. Aikin da ke gabanki yanzu ba ƙara hotuna ba ne, nemo sababbin lambobi ne. Biki, suna, walimar sauka, Islamiyya, duk inda mata suka taru ki je da 'yan ƙananan ƙulli na gwaji, ki liƙa takarda mai ɗauke da sunan sana'arki da lambarki a jikin kowace kwalba, in mace ta yaba ki ce mata Hajiya bari na sa miki lambata, ki kuma karɓi tata a nan take. Kunya ba ta sayar da turare.

Abu na gaba farashi. Ban san wa ya koya mana wannan ɗabi'ar ta ɓoye kuɗin kaya ba, a ɗora hoto a rubuta "a biyo ni ta ciki". Mutum yana da dubu biyar a hannu yana son abu, amma yana tsoron ya tambaya a ce masa dubu ashirin ya ji kunya, sai ya haƙura ya wuce. Wasu kuma suna ɗauka kallon mutum kike ki yanka masa. Ki rubuta ƙarara, ƙaramar kwalba kaza, babba kaza, kai wa cikin gari kaza. Wadda ta yi miki magana bayan ta ga kuɗin to da niyyarta ta zo.

Matsalar kayanki ta musamman ita ce ƙamshi ba ya bi ta waya. To me za ki nuna? Ki ɗauki ɗan gajeren bidiyo, kasko da garwashi, hannunki yana zuba turaren hayaƙi na tashi, ki yi magana da bakinki ki ce wannan mai sanyi ne na ɗakin barci, wannan mai ƙarfi ne na falo in za a yi baƙi, wannan yana kama labule da kaya. Ki nuna ranar haɗi, itacen da kika jiƙa da yadda kike soyawa, ba sai kin tona sirrin haɗinki ba. In wata ta saya ta turo miki saƙon yabo ki nemi izininta ki ɗora, ki goge sunanta da lambarta tukuna. Uku zuwa biyar a rana sun ishe ki, kuma ki lura da lokacin da naki mutanen suke riƙe waya, ni dai nawa bayan isha'i ne in an kwantar da yara, sai kuma ƙarshen wata da gabanin sallah.

Hoton ma a yi shi da gaskiya. Lokacin da na fara sayar da atamfa na taɓa ɗaukar hoton wata turmi da daddare ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa, a waya ta fito kamar ruwan zuma, wata baiwar Allah a Zariya ta gani ta biya, na kai tashar Kawo na ba direba. Washegari da sassafe sai ga kira, ko gaisuwa babu, wai ita ruwan zuma ta saya me zai sa na aiko mata da ruwan toka. Na ɗauko 'yar'uwar atamfar na fita tsakar gida na duba, wallahi matar nan ta fi ni gaskiya. Ni na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ribar turmi uku ta tafi, kuma har yau ba ta sake sayen ko ɗankwali a wurina ba. Tun daga ranar hotona na hantsi ne a bakin taga, a kan farin zanin gado, na goge gilashin kyamara da gefen mayafi, ba na kuma taɓa wani abin ƙara kyau.

Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ce, tun 2018 aka fito da ita don masu ƙananan sana'o'i irinmu. Akwai katalog inda za ki jera kaya da farashi sau ɗaya ki huta da turo hoto ɗaya ɗaya, akwai amsoshin da za ki rubuta ki ajiye kamar lambar asusu da kwatancen gida, akwai alamar da za ki sa wa kowa, wannan ta biya, wannan ana binta, wannan sabuwa ce. Akwai kuma burodkas mai ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, saƙon ya shiga wa kowa shi kaɗai, amma shi ma sai wanda ya adana lambarki yake samu. Kar dai ki kwashi mutane ki zuba a guruf ba tare da kin tambaye su ba, wannan abin yana ɓata wa mutane rai fiye da yadda masu yi suke zato.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni maƙeri ne a Tsohuwar Panteka, ina yin get da ƙofofi da tagogi da injin markaɗe, shekara ta fi ashirin. Yarona ne yake rubuta min wannan, shi ne ya dame ni wai na buɗe TikTok. Ni kuma abin da nake gani a wurin rawa ce da shirme, da girmana ba zan iya ba. Akwai amfani ko ɓata lokaci ne?

AMSA: Baba barka dai, Allah ya ƙara girma. Yaronka yana da gaskiya, kai ma kana da taka. Ba wanda ya ce ka yi rawa, kuma a gaskiya kai ka fi masu rawar abin nunawa. Mutane suna son kallon aiki, yadda ake yanka ƙarfe a lanƙwasa shi, tartsatsin walda, get tun yana ƙarafa a ƙasa har a tayar da shi a shafa fenti a kafa a gidan mai shi. Ko fuskarka ba sai ta fito ba in ba ka so, hannunka da muryarka sun wadatar.

Bambancin TikTok da WhatsApp shi ne can ba sai mutum ya san ka ba. Manhajar tana ɗaukar bidiyo ta gwada shi a kan wasu mutane, in ta ga suna tsayawa su kalla har ƙarshe sai ta ƙara tura shi gaba, shi ya sa wanda ya buɗe shafi jiya zai iya samun masu kallon da wanda ya shekara bai samu ba. Facebook ma yanzu haka yake tura gajerun bidiyoyi, kuma ni a ganina magidanta masu gini, waɗanda su ne kwastomominka, sun fi zama a Facebook, saboda haka duk abin da yaron ya ɗauka ya ɗora a wuraren biyu.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka koyar. Ka ɗauki faifan ƙarfe biyu ka nuna wa mutane bambancin mai kauri da mara kauri, ka buga su ji ƙara, ka gaya musu dalilin da ya sa get ɗin wani yake ruɓewa daga ƙasa bayan damina biyu, da amfanin jan fentin da ake fara shafawa kafin na ado. Wanda yake gini a Millennium City ko Rigachikun ya ga wannan zai ce ga wanda ya san aikinsa kuma ba zai cuce ni ba, ranar da ya tashi yin get kai zai nema ko da naka ya ɗan fi tsada. A kowane bidiyo a faɗi wuri da baki, Tsohuwar Panteka Kaduna, a kuma rubuta lambar waya, domin sau da yawa ina ganin aiki mai kyau mutane suna ta tambayar a ina ne a ƙasa, mai shafin bai ko leƙo ba. Ka sa yaron ya riƙa karanta maka tambayoyin kullum da yamma kana ba shi amsa. Sai dai lambar da za a sa ta zama taka, asusun da za a biya ma naka, ba don ana zargin yaro ba, don dai kar magana ta zama biyu.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ina da shagon takalma da jakunkuna a Kasuwar Sheikh Gumi. Na biya Facebook dubu goma na yi bust ɗin wani fostin, wato su tura shi ga mutane da yawa, na samu laik sun fi dubu ɗaya amma ko silifas ban sayar ba. Wani abokina ya ce matsalar folowas ɗina ne sun yi kaɗan, wai akwai mai sayar da dubu goma a kan kuɗi kaɗan. Na saya?

AMSA: Lafiya lau ƙanena. Kar ka saya, bari na fara da wannan kafin ka tura kuɗin. Waɗannan folowas ɗin ba mutane ba ne, shafukan bogi ne, ba sa sa takalmi. Kuma cutar da za su yi maka ta wuce asarar kuɗin, domin in ka ɗora abu manhajar za ta nuna wa wasu daga cikin mabiyanka ta ga ko za su kula, su kuwa gumaka ne ba za su motsa ba, sai ta ɗauka kayanka ba su da armashi ta daina nuna wa har mutanen gaskiyar. Mai wayo ma in ya shigo ya ga mabiya dubu goma amma kwamen biyu ya san akwai lauje cikin naɗi.

Batun dubu gomanka kuwa, Facebook bai cuce ka ba, abin da ka ce ya kawo maka ya kawo. Lokacin da za ka biya akwai inda ake tambayarka me kake so, in ka bar shi a kan samun laik da kwamen to zai je ya nemo maka mutanen da aikinsu kenan, masu danna laik a kan komai tun daga hoton jariri har sanarwar rasuwa, kuma in ba ka ƙayyade wuri ba, to zai watsa shi duk faɗin Najeriya inda ya fi masa araha. Wanda ke Fatakwal ya danna wa takalminka laik me ya ƙare ka da shi?

Ga yadda za ka yi in za ka sake. Ka zaɓi saƙo a matsayin abin da kake so, ka haɗa shafin da lambar WhatsApp ɗinka yadda duk wanda ya danna tallan zai faɗo kai tsaye cikin hira da kai. Wannan yana yiwuwa ne saboda duk gida ɗaya ne, kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, a 2021 ya sauya wa uwar kamfanin suna zuwa Meta, shi ya sa talla ɗaya zai iya fitowa a Facebook da Instagram ya ƙare a WhatsApp. Wajen wuri ka sa garin Kaduna da kewaye kawai, in kana aikawa Zariya ko Abuja ka ƙara su, ka zaɓi shekarun masu saye, in takalmin mata ne ka ce mata. Ana biya da naira, ka dai sa a lissafi akwai harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kai. Kar ka zuba kuɗin a rana ɗaya, ka raba su kwana biyar ko bakwai, ka gwada hoto biyu daban ka ga wanne ya fi kawo magana sai ka kashe ɗayan.

Daga nan sai lissafi irin na kasuwa, wanda ka fi ni sani. Misali ka kashe 10,000, mutum 25 suka yi magana, 4 suka saya, ribar kowane takalmi 4,000, ka ga 16,000 kenan, ka cire kuɗin talla saura 6,000, ga kuma lambobi 25 da ka samu waɗanda in kun adana lambar juna gobe za su ga sitatus ɗinka ba ka biya ko sisi ba. In kuwa mutum 25 sun yi magana ba wanda ya saya to ba tallan ba ne, ka duba farashinka ko yadda kake amsawa. Wannan na biyun shi ya fi kashe mu. Mutum ya turo saƙo ƙarfe goma na safe a amsa masa bayan magariba da "eh akwai", ba sallama ba farashi ba saiz. A shago in kwastoma ya tsaya a bakin ƙofa ai ba ka barinsa awa takwas a tsaye, har kujera kake jawo masa ka aika a sayo ruwa.

TAMBAYA: Anti ina yin kek da cincin da dambun nama na biki a Unguwar Rimi. Wata mai mabiya da yawa a Instagram ta ce na biya ta ta tallata min. Ya kike gani?

AMSA: Ƙanwata kafin ki biya ki ce ta nuna miki daga cikin shafinta garuruwan da mabiyanta suke da yawan masu kallon abin da take ɗorawa, duk mai shafin kasuwanci yana iya ganin wannan, in ta ƙi to kin samu amsa. Kek ba ya tafiya Legas. Wata mai kwalliyar amare ko mai ɗinki a nan Kaduna da ke da mabiya dubu uku 'yan gari ta fi miki amfani a kan mai dubu ɗari biyar da rabinsu samari ne masu kallon fuska. Ki nemi irin waɗannan ku yi musaya, ta nuna kek ɗinki ki nuna kwalliyarta, amarya ɗaya kuke nema dukkanku. In kuma kin biya ɗin, ku rubuta a saƙo ranar da za ta ɗora da sau nawa, kar ki biya duka a gaba.

TAMBAYA: Salam Hajiya. Kayan kicin nake sarowa ina sayarwa daga gida a Rigasa. Abu biyu ne ke damuna, sababbin kwastomomi ba sa yarda su biya kafin a kai musu, ni kuma an taɓa turo min alat na ƙarya na ba da tukwane saiti biyu. Yanzu kowa tsoron kowa yake.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 da ta tura kowa tiransfa, har mai kayan miya ya buɗe OPay ko Moniepoint, 'yan damfara ma suka samu sabuwar gona. Dokar guda ɗaya ce kuma ba ta da togiya, ba a sakin kaya da saƙon tes ko hoton rasit, sai kin buɗe manhajar bankinki da kanki kin ga kuɗin sun zauna. In ya ce netwok ne, yana sauri, mota za ta tashi, ki ce Alhaji ba komai kayan suna nan in sun shigo za a aiko. Gaggawar nan ita ce makaminsu, da kuma shigar mutunci da yawan ambaton Allah don ki ji nauyin tsayawa dubawa.

Su ma masu sayen kar ki ga laifinsu, da yawansu an taɓa cinye musu kuɗi an toshe su. Ke za ki ba su dalilin yarda. A cikin gari ki yarda a biya in kaya sun isa, mai Napep ko ɗan aiken da kika sani ya kai, sai dai kuɗin aiken a turo shi a gaba don masu fasawa in an je ƙofar gida. Na nesa ki kira su ta bidiyo su ga kayan a hannunki. In kin kai tashar Mando ko Kawo ki ɗauki hoton ƙullin da sunan a jiki, da lambar motar, ki tura tare da lambar direba tun kafin a tambaye ki. Sannan sunan asusu, babu abin da ke korar sabon mai saye kamar shafi da suna ɗaya, asusu kuma da sunan wani namiji daban wai ƙanin miji. In hali ya yi ki yi wa sunan sana'arki rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ki buɗe asusu da shi. In kaya sun fashe a hanya kuma, ki yi magana tun kafin a yi miki, ki faɗi abin da za ki iya yi. Ni dai kwastomomin da suka fi daɗewa da ni yawancinsu waɗanda muka taɓa samun matsala ne na gyara.

TAMBAYA: Anti ina sayar da maganin gargajiya da man gyaran fata, sau biyu ana rufe min shafi. Me ya sa?

AMSA: Ban ga shafin ba ƙanwata, amma in irin rubutun da nake gani ne, yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya, ko hoton mace baƙa a hagu fara a dama, to waɗannan kamfanonin suna da dokoki a kan iƙirarin magani da irin waɗannan hotunan, kuma ko ba su rufe ba ni zan ce ki daina. Abin sha da na shafawa a jiki hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da abinci da magunguna, ki nemi rajista. Wani zai ajiye maganin asibitinsa saboda fostin ɗinki, wannan ba abin da riba za ta biya ba ne.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki taimaka. Wani ya kira ni ya ce daga guruf ɗin 'yan kasuwa ne za a yi taro ta intanet, na karanto masa lambobin da aka turo min. Yanzu an fitar da ni daga WhatsApp ɗina, ana ta tambayar kwastomomina kuɗi da sunana. Duk lambobinsu da odar da aka ba ni na kayan sallah suna ciki. Ni tela ce a Tudun Wada.

AMSA: Innalillahi, sannu ƙanwata. Na riga na ba ki wannan amsar ranar da saƙon ya shigo, ina maimaitawa ne a nan saboda wasu. Lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa ta tes su ne makullin shiga, duk wanda ya ce ki karanto masa ɓarawo ne ko da muryar wa ya zo. Tunda layin yana hannunki, ki sake shiga WhatsApp da lambarki, za a turo sabon kod ta tes, kina sawa za a fitar da shi. In ya riga ya sa nasa fin, wato lambar sirri, na mataki biyu za a ce ki jira kwana 7, amma shi dai ya fita tun lokacin da kika sa kod ɗin. Kina komawa ki shiga saiti ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu da fin ɗinki, ki kuma duba na'urorin da aka haɗa ki cire wanda ba ki sani ba. Masu karatu ku ma ku ajiye mujallar ku yi yanzu, minti biyu ne.

Amma maganar da ta fi tsaya min ita ce wai duk odar tana ciki. Mu a Kaduna bai kamata a sake koya mana wannan ba. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda tsaro, aka yi kusan wata biyu, masu sana'a a wuraren sai sun yi tafiya neman sabis kafin su ga saƙo. Ana cikin haka ranar 4 ga Oktoba Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya kusan awa shida, daga la'asar har dare, ina tuna ina ta kashe waya ina kunnawa ina zagin kamfanin layina ashe ba laifinsu ba ne. A shekarar dai aka rufe Twitter a Najeriya daga Yuni har Janairun 2022. Shafin nan da muke cewa nawa nawa aro ne, masu shi suna Amurka ba su san da zamanmu ba.

Saboda haka ki sayi littafi mai kauri irin na 'yan makaranta. Kowace kwastoma shafinta, suna, lamba, unguwa, awo, abin da ta kawo, nawa ta bayar nawa ya rage, ranar karɓa. Nawa yana cikin durowar da nake ajiye almakashi, bangon har ya fara cinyewa, duk daren Juma'a nake zama na kwafe na satin. Yanzu dai kafin komai ki ari wayar maƙwabciya ko ta maigidan, waɗanda kike da lambarsu a ka ko a sim ki kira su ɗaya bayan ɗaya da muryarki ki ce kar a tura wa kowa kuɗi, ki roƙi biyu uku daga cikinsu su sa sanarwar a sitatus ɗinsu da guruf ɗin unguwa. Waɗanda suka kawo ɗinki kuma yadinsu yana shagonki, za su zo da ƙafarsu, sai ki sake auna su ki rubuta.